Na ƙara wa kwamfutar shagonmu gudu a ɓoye, yanzu tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Samaru a nan Zariya. Ni da Yayana muna da ɗan shagon ɗaukar bidiyon biki da suna, shi yake fita da kyamara, ni kuma nake zama ina tacewa da haɗawa. Bara ya tattara abin da ya tara ya haɗa mana kwamfutar tebur, ya sa mata katin hoto na hannu ƙirar RTX 3060 da ya saya wurin wani mutum a Sabon Gari. A watan Disamba na ga a intanet yadda ake ƙara wa kwamfuta gudu fiye da yadda aka ƙera ta, sai na sauke manhajar MSI Afterburner na ƙara wa ƙwaƙwalwar katin gudun megahaz 200, ram ɗinsa (ma'ajiyarsa ta wucin gadi) kuma 1000, sannan na shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, na kunna XMP mai ƙara gudun ram ɗin kwamfutar, na kuma ɗaga gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ban gaya wa Yaya ba. Bidiyon da ke ɗaukar minti 40 kafin ya fita ya koma minti 37, kuma komai ya tafi lafiya har ƙarshen Fabrairu. Tun da zafi ya shigo, ina tsakiyar aiki sai allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya dawo da saƙon cewa direban katin hoto, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows, ya daina amsawa amma an farfaɗo da shi, manhajar tacewa kuma ta rufe. Wani lokaci shuɗin allo ne ke fitowa, kuma sau biyu kwamfutar ta mutu ɗif muna kan janareta. Na sake saka direban sau uku, ba abin da ya canza. Mai gyaran da muka kai wa ya ce katin ya tashi daga aiki, a sayi sabo. Yanzu Yaya na shirin sayar da babur ɗinsa, kuma ya dage sai ya je ya sami wanda ya sayar masa da katin. Ga bidiyon wani biki da muka karɓi rabin kuɗinsa, saura kwana goma mu miƙa. Malam, ni na ƙona katin? Kuma da wane baki zan faɗa wa Yaya?

Ƙaninka daga Samaru

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da abin da ke hana ka barci. A bisa alamomin da ka zayyana, ban ga dalilin da zai sa in ce katin ya mutu ba, kuma da wuya ƙwarai a ce lambobin da ka ƙara a Afterburner sun ƙona shi. Wannan manhaja ba ta rubuta komai na dindindin a jikin katin, duk lokacin da aka kunna kwamfuta ne take sake ɗora masa lambobin, kuma tun daga masana'anta an riga an sa masa iyakar wuta da ta zafi waɗanda madannan manhajar ba sa tsallakewa. Katin da ya lalace da gaske yakan nuna kansa tun kafin Windows ta buɗe, da ɗige-ɗige masu launi, ko layuka a tsaye, ko baƙi ƙirin babu hoto sam. Naka kuwa yana tashi lafiya, yana aiki lafiya, sai an ɗora masa nauyi yake durƙushewa, wanda ya fi kama da halin abin da aka matsa wa fiye da ƙarfinsa. Inda nake da ɗan fargaba shi ne furosesa, idan har ka ɗaga ƙarfin wutarsa da hannunka a cikin BIOS, domin a can ne mutum yake iya wuce gona da iri ba tare da wani ya tsayar da shi ba. Ko da hakan ne ma, wata uku ba lallai ba ne su yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Saƙon nan da kake gani yana da asali, kuma fahimtarsa za ta raba ka da wahalar sake saka direba a banza. Tun zamanin Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, kamfanin Microsoft ya sa wani mai gadi a cikin tsarin da ake kira TDR, aikinsa shi ne sa ido a kan katin hoto. Idan aka ba katin aiki ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, mai gadin yakan ɗauka ya maƙale, sai ya katse shi ya sake tayar da direban domin kada kwamfutar gaba ɗaya ta sandare. Wannan katsewar ita ce baƙin da kake gani, manhajar tacewarka kuma tana rufewa ne saboda duk abin da ta ajiye a ram ɗin katin ya goge a daidai lokacin. Idan farfaɗowar ta ci tura sai shuɗin allo ya fito, galibi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE da sunan wani fayil, nvlddmkm, wanda shi ne direban katunan Nvidia. Da yawa suna ganin sunan sai su ɗora wa direba laifi, alhali shi ne kawai aka tarar a tsaye a wurin da abin ya faru. Katin da aka tilasta wa gudun da ya fi ƙarfinsa yakan yi kuskuren lissafi, ram ɗin kwamfuta da bai zauna daram ba yakan miƙa masa gurɓataccen saƙo, wutar da ta yi ƙasa takan sa ya yi tuntuɓe, kuma dukkan waɗannan da sunan direba suke bayyana. Shi ya sa ka saka shi har sau uku ba ka ga canji ba.

Za ka ce ai kusan wata uku ta yi tana aiki ba tangarɗa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma watannin da ka ambata da kansu sun ba da amsa. Kowane kati yana fitowa da 'yar rata tsakanin gudun da aka sa masa da gudun da zai fara kuskure, kuma da gangan aka bar ta, saboda zafi da tsufa da bambancin wuta. Ƙarin gudu, wanda masu sana'ar ke kira obakulok, cinye wannan ratar ne. Kai kuma ka yi naka a Disamba, tsakiyar hunturu, lokacin da iskar da fankokin ke zuƙa daga ɗakin take da sanyi, sai ɗan abin da ya rage na ratar ya wadatar. Amma a Maris da Afrilu, da zafin rana a Zariya yake kusantar digiri 40, balle a shago mai rufin kwano da ake rufe ƙofarsa saboda ƙarar janareta, gudun da ya zauna a sanyi ba zai zauna ba. Sannan hunturun da ya taimake ka da sanyi shi ne ya bar maka ƙura. Na taɓa buɗe wata kwamfuta a irin wannan lokaci a wani shagon buga takardu, na tarar ƙura ta dunƙule tsakanin siraran ƙarafan da ke sanyaya katin har ta zama kamar audugar da aka danne, launin toka da ɗan ja, na sa yatsa biyu na ɗago ta ta taso a haɗe kamar tsumma. Fankokin suna ta juyawa da ƙara, amma iska ba ta ratsawa ko kaɗan. Mai shagon ya riga ya gama cinikin sabon kati a waya, da muka kakkaɓe muka gwada sai ya fasa.

To amma kafin ka kwance ko noti ɗaya, akwai gyaran da ya riga wannan, shi ne maganar Yayanka. Shawarata ita ce ka faɗa masa yau, kada ka jira sai ka gwada gyaran tukuna. Na san abin da zuciya take raya maka, wato ka mayar da lambobin a ɓoye, in ta warke shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban yarda da wannan hanya ba, domin yayin da kake gwaje-gwajenka shi yana neman mai sayen babur, kuma yana shirin zuwa Sabon Gari ya tsaya gaban mutum ya kira shi macuci a kan abin da mai yiwuwa ba shi da hannu a ciki. Babur ɗin da aka sayar cikin gaggawa ba a sake samunsa a kuɗin da aka sayar, kuma maganar da aka yaɓa wa ɗan kasuwa a gaban maƙwabtan shagonsa ba ta goguwa da ban haƙuri. Kuskurenka na farko ƙarami ne, kuskuren matashi ne mai son sana'arsa da ya so aiki ya yi sauri, kuma ban ga mugun nufi a cikinsa ba. Amma idan ka yi shiru har waɗannan abubuwa biyu suka auku, ka ɗauki alhakin mutum biyu, ɗaya ɗan'uwanka na jini, ɗaya kuma bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ka nemi lokacin da kuke ku biyu, kamar bayan sallar isha'i ya ci abinci ya huta, ba a shago gaban masu kawo aiki ba, ba kuma gaban iyalinsa ba. Kada ka fara da cewa kowa ma yana yi, ko cewa don amfanin shagon ka yi, wannan shi zai gano da kansa daga baya. Ka ce masa: "Yaya, akwai abin da na yi wa kwamfutar nan tun Disamba ban gaya maka ba, kuma ina zaton shi ne ya jawo matsalar nan. Na yi kuskure da ban nemi izininka ba, ka yi haƙuri. Ina roƙonka ka ba ni kwana uku kafin ka sayar da babur ko ka je wurin mutumin nan, in kuma ta tabbata katin ya lalace, a riƙa cirewa daga kasona har a biya." Zai yi fushi, kuma yana da haƙƙin yin fushi, domin guminsa ne a cikin wannan akwati, kuma ya yi makonni yana zargin wani yana lissafin bashi alhali amsar tana zaune kusa da shi. Ka sunkuyar da kai ka saurara, kada ka mayar masa da magana. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Idan ka san yana da zafin zuciya har kana tsoron abin ya kai ga raba jari, ka fara sanar da mahaifiyarku ko wani baffa da yake jin nauyinsa, ba don a binne maganar ba, don dai a samu babba a zaune. Ka kuma tuna cewa duk mai gyaran da ya zauna da kwamfutar nan a natse zai ga Afterburner da lambobinta, kuma jin labarin daga bakin bare ya fi jinsa daga bakinka ciwo nesa ba kusa ba.

Da zarar kun yi magana, ka fara ceton aikin mutane. Ka kwafe duk hotunan bikin nan da fayil ɗin aikin zuwa ma'ajiyar waje, ka cire ta ka adana, domin kwamfutar da ke mutuwa ɗif tana iya lalata abin da take rubutawa a lokacin, biki kuwa ba a maimaita shi.

Daga nan sai ka mayar da komai yadda ya zo, kuma komai nake nufi, ba rabi ba. Ka ɗauki hoton lambobin da ke Afterburner da waɗanda ke BIOS da wayarka domin a san inda aka taso. A Afterburner ka danna maɓallin mayar da komai sifili, ka kashe wanda ke sa ta ɗora lambobinka da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta, domin da yawa sukan manta da shi su yi zaton sun sauke gudun alhali yana dawowa kowace safiya. A BIOS ka zaɓi Load Optimized Defaults, ka duba cewa faifan da Windows take kai shi ne na farko a jerin tashi, ka adana ka fita. Wannan zai sauke furosesa ya kuma kashe XMP. Mutane ba su cika ɗaukar XMP a matsayin ƙarin gudu ba saboda an rubuta lambar a jikin kwalin ram, amma ƙarin gudu ne, kuma yana cikin abubuwan da suka fi haddasa faɗuwar direban hoto ba tare da an zarge su ba. Idan ram ɗinka DDR4 ne za ka ga ya sauko daga 3200 ko makamancin haka zuwa 2133, 2400 ko 2666, kada wannan ya tayar maka da hankali.

Direban kuma ka sake saka shi sau ɗaya tak, amma a tsabtace. Ka fara sauko da shi daga shafin Nvidia, ka zaɓi nau'in Studio da kamfanin ya fara fitarwa a 2019 domin masu aikin bidiyo da zane, ka sauko da 'yar manhajar nan DDU, sannan ka cire intanet don kada Windows ta riga ka saka nata. Ka shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi, ka bar DDU ta share tsohon gaba ɗaya, ka sake kunnawa ka saka sabon.

Yanzu sai gwaji, kuma ina so ka yi shi kafin ka taɓa ƙurar, domin ku san takamaiman abin da ya jawo matsalar, kai da Yaya. Ka ɗauki bidiyon da ya saba kayar da ita, ka fitar da shi sau uku a jere da tsakar rana, wajen ƙarfe biyu, lokacin da shagon ya fi zafi, ga manhajar nuna zafi, HWiNFO64 ko GPU-Z, a buɗe a gefe. Ka sami littafi ka rubuta lokaci, da zafin katin, da zafin wuri mafi zafi a ƙwaƙwalwarsa wanda waɗannan manhajoji ke nunawa daban, da zafin furosesa. Katunan wannan zubi sukan fara rage gudu sosai da kansu idan suka kai wajen digiri 83, iyakar da kamfanin ya rubuta wa RTX 3060 kuma digiri 93 ce. Idan aikin ya fita sau uku ba ɗaukewa, to ka sami amsarka, babur ya tsira. Ko ya fita ko bai fita ba, mataki na gaba shi ne shara. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka fita da ita waje, ka hura ta da abin hura iska irin na masu gyara, kana riƙe da kowace fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima. Kada ka sa jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma ka hura da baki. Idan ka dawo da ita ka ɗora ta a kan tebur nesa da bango, domin a ƙasa ne take shan ƙurar da ƙafafun masu shigowa ke tayarwa. Idan bayan sharar ka ga wuri mafi zafin nan ya zarce sauran katin da fiye da digiri 20, a abin da na saba gani man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ya bushe ke nan. Wannan ba baƙon abu ba ne a kati na hannu. RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021, lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto ke wawure katuna suna aiki da su dare da rana, kuma bayan Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da irin wannan haƙa a Satumban 2022 katuna masu yawa sun kwararo kasuwar gwanjo. Canza man aiki ne mai arha, amma ka bar wa wanda hannunsa ya saba.

Mutuwar nan ta ɗif da ta yi sau biyu kuwa, ina ganin ciwo ne daban, kada ka haɗa shi da na direba. Faɗuwar direba takan bar fankoki suna juyawa da fitilu a kunne. Kwamfutar da ta ɗauke gaba ɗaya kamar an zare waya, galibi wuta ce ta gaza mata ko zafin furosesa ya kai ta kare kanta. Windows tana ajiye tarihin waɗannan duka a Event Viewer, ƙarƙashin System. Lamba 4101 ita ce ta faɗuwar direban hoto, lamba 41 mai suna Kernel-Power tana nuna an mutu ba tare da an kashe yadda ya kamata ba, idan kuma ka ga WHEA-Logger yana maimaituwa, to kayan ciki ne ke kai ƙara, sau da yawa furosesan da aka matsa wa. Ka dubi ranakun da lokutan ka gwada su da lokacin da kuke kan janareta. Katinka yana jan wat 170 shi kaɗai, kuma kamfanin ya ba da shawarar akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, mai wat 550 ga kwamfutar da ke ɗauke da shi. Ka karanta takardar da ke manne a jikin naku akwatin, ka kuma duba wayar da ke shiga katin ko ta shige har ta yi ƙas, ko bakinta ya yi baƙi-baƙi alamar zafi. Idan da 'yar mahaɗa aka ƙulla ta saboda akwatin ba shi da irin wayar, wannan kaɗai ya isa zargi. Akwatin wutar kansa kada ka buɗe shi ko da an zare shi daga bango, domin yana riƙe wutar da ke iya yi wa mutum mummunan lahani. Ƙaramin janareta kuma wutarsa takan yi sama da ƙasa duk lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga a kan layi ɗaya. Idan akwai kuɗin da ya kamata shagonku ya kashe a wannan lamari, a ganina UPS mai daidaita wuta ya fi cancanta da shi fiye da sabon kati.

Mu ɗauka ka yi duk wannan amma tana ci gaba da ɗaukewa. Har yanzu ba a kai ga sayen kati ba. Ka gwada ram ɗin kwamfutar da manhajar gwaji MemTest86, ka bar shi ya kammala zagayensa huɗu, kuskure ko ɗaya ne ya fito to akwai matsala, sai ka cire sanda ɗaya ka gwada da ɗayar. Ka gwada ram ɗin katin da manhajar gwaji OCCT. A cikin Nvidia Control Panel, ƙarƙashin Help, akwai Debug Mode wanda ke sauke har ɗan ƙarin gudun da wasu kamfanoni ke yi wa katunansu tun daga masana'anta. Za ka iya ma juya Afterburner ta yi maka aiki ta ɗaya ɓangaren, ka rage wa ƙwaƙwalwar megahaz 100 ƙasa da ƙa'ida, ka sauke iyakar wutar zuwa kashi 80 cikin ɗari. Katin da ya gaji yakan daɗe yana aiki a haka. Hukunci na ƙarshe shi ne musaya: a sa katinku a wata kwamfuta mai lafiya, a sa wani kati mai lafiya a taku. Idan ciwon ya bi katin, shi ne mai laifi, idan ya zauna a gida, a nemi akwatin wuta ko ram ko babban allon cikin kwamfutar da ake dasa sauran kayan a kai.

A intanet za ka ci karo da masu cewa a shiga rajistar Windows a ƙara daƙiƙun da mai gadin nan ke jira, abin da ake kira TdrDelay. Yana da amfaninsa ga wasu manhajojin da ke ba kati dogon lissafi, amma a halin da kake ciki toshe bakin mai kai ƙara ne kawai, kada ka taɓa shi.

Game da mai gyaran nan, ina roƙonka kada ka ɗauke shi maƙaryaci. Kun kai masa mara lafiya kun ɓoye rabin tarihin ciwon, ya ga kati na hannu yana faɗuwa, ya faɗi abin da ya fi saurin zuwa zuciya. Gaskiya ne ya kamata ya yi gwajin musaya kafin ya yanke hukuncin da zai ci kuɗi mai yawa haka, kuma wannan za ku nema a wurinsa idan kun koma, bayan ka gaya masa duk abin da ka taɓa. Mai sayar da katin kuma a bar shi sai gwajin ya nuna. Ko ta tabbata katin ne, adalci shi ne a gaya masa an yi wata uku ana gudu da shi fiye da ƙa'ida, sannan a nemi sasanci a kan gaskiya, ko ya rage muku wani abu a kan wani katin ko ya haɗa ku da mai gyaran da ya sani.

Saura masu biki, waɗanda ba ruwansu da duk wannan kuma sun ba da kuɗinsu bisa amana. Kwana goma sun isa idan ka fara gobe. Idan zuwa kwana na uku kwamfutar ba ta daidaita ba, kada ka ci gaba da kokawa da ita. Manyan manhajojin tacewa da dama suna da zaɓin fitar da bidiyo da furosesa ba tare da jingina ga katin hoto ba, zai ɗauki lokaci mai tsawo amma zai fita, ka duba ko taka tana da shi. Za ka iya raba bidiyon gida-gida, kamu daban, ɗaurin aure daban, walima daban, ka fitar da kowanne da sanyin safiya ko da dare, ta yadda in ɗaya ya faɗi ba duka aka rasa ba, ka kuma sa manhajar ta riƙa adana aikin da kanta kowane minti biyar. In duk ya ƙi, ka ɗauki ma'ajiyar wajen nan ka je wurin wani abokin sana'a a Kongo ko Tudun Wada ka biya shi kuɗin zaman yini ɗaya. Idan kuka hango jinkiri, Yaya ya kira su tun da sauran kwana huɗu ko biyar ya faɗi sabuwar rana, kada a bari sai sun zo karɓa.

Ba ka tambaye ni ko za ka iya mayar da ƙarin gudun ba idan komai ya lafa, amma na san tambayar za ta zo maka. Ka yi lissafin da lambobinka: minti 3 ka samu a kowane aiki na minti 40, ɗaukewa ɗaya kuma tana cinye maka minti 40 ɗin gaba ɗaya, ribar aiki goma sha uku ke nan ta tafi a tashi ɗaya. Sauri ya haifi nawa. A kwamfutar da gida biyu ke ci daga gare ta, ra'ayina shi ne a bar katin da furosesa a yadda suka zo. XMP kaɗai nake ganin ya cancanci a sake gwadawa, shi ma bayan an miƙa bidiyon nan, da sanin Yaya, shi kaɗai ba tare da an taɓa wani abu ba, sannan a bi shi da MemTest86 da mako guda na aiki kafin a yarda da shi. Sha'awar da ta kai ka shiga BIOS ba abin kunya ba ce, ita ce ke mayar da mai tacewa ya zama wanda ya san na'urarsa, kuma a garin da ke da zafi irin namu akwai inda za ka zuba ta da amfani, wato koyon rage wa kati ƙarfin wuta yana riƙe da gudunsa, wanda ke sauke zafi da ƙarar fanka gaba ɗaya.

Idan kun gama gwajin rana, ka rubuto mini da zafin da katin ya kai kafin shara da bayanta, da adadin wat ɗin da ke jikin akwatin wutarku, da lambobin da ka gani a Event Viewer, da su zan iya gaya maka ko a canza man ko a nemi UPS tukuna. Ka gaishe mini da Yayanka, Allah ya sanyaya zuciyarsa.